Baba Famfo: Ya Koya Mana Zuciya, Mun Kasa Duba Tasa

Shekara talatin da huɗu, duk ranar Talata da Alhamis, kafin masu shaguna su buɗe, akwai wani mutum da yake ɗaure bokiti mai murfi a bayan kekensa ya nufi mayanka. Ba naman miya yake zuwa nema ba. Zuciyar saniya yake so, guda shida, wani lokaci takwas, kuma ba kowace iri ba. Mahauta sun saba su tsaga zuciya su datse jijiyoyinta daga tushe, don abin da zai shiga tukunya ba ruwansa da jijiya. Shi kuwa cikakkiya yake so, ba tsagi ko ɗaya, a bar manyan jijiyoyinta tsawon yatsa. Saboda haka sai ya tsaya a kan mai fiɗa, takalminsa cikin ruwan jini, yana faɗin, "Sama kaɗan, sama kaɗan, kada ka yanke min wuyanta." Daga nan ya zuba ƙanƙara ya rufe, ya tuƙo keken zuwa makarantar koyon aikin jinya, ya hau bene hawa biyu da bokitin a hannu, ya wanke tebura, ya jera farantai da almakashi. Ƙarfe takwas na bugawa zai buɗe ƙofar ɗakin gwaji ya tsaya a bakinta yana ƙirga mu.

Baba Famfo muke ce masa. Ba malamin aji ba ne, ba shi da takardar da ta ce shi malami ne. Da shara ya fara a ɗakin nan, yana wanke farantai yana kasa kunne, har ya zamana malaman da aka ɗauka don darasin su ne suke zuwa su tsaya a bayansa su naɗe hannu. A jadawalin karatu ba a taɓa rubuta sunansa ba. Abin da ake rubutawa shi ne "aikin hannu", sai a bar gurbin sunan malami fili.

Sunan ya samo asali daga maganar da yake fara yi wa kowane sabon aji. Zai ɗaga zuciyar sama, jini na ɗiga a hannun rigarsa, ya ce, "Duk wadda ta zo da waƙar soyayya a kanta ta ajiye ta a bakin ƙofa. Wannan abin famfo ne. Famfo biyu ne ma, aka manne su baya da baya. Na dama yana tura jini huhu ya sha iska, na hagu yana tura shi jiki duka, daga ƙwaƙwalwa har babban yatsan ƙafa. Sau dubu ɗari yake bugawa a wuni, bai taɓa neman hutun ƙarshen mako ba. Ku kuwa darasin awa biyu kuna hamma."

Ni na shiga hannunsa shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Yanzu ni ce ke kula da ɗakin marasa lafiya na mata a asibitin da ke jikin makarantar, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ranar farko ina tsaye can baya na toshe hanci da gefen mayafi, sai ya nuna ni da almakashi.

"Ke mai ƙyanƙyami, zo nan. Sa yatsanki a wannan ramin."

Na sa, ina kawar da kai.

"Ina ya fito?"

"Ban sani ba, Baba."

"To duba mana. Yatsanki ne, ba nawa ba."

Na duba, na ga yatsana ya ɓullo a ɗaki na sama na dama. Ya sa na bi da shi ta wata ƙofa mai laushi zuwa ɗaki na ƙasa, ya sa na fitar da shi ta jijiyar da ke zuwa huhu. Sannan ya yanka zuciyar a tsakiya ya ce in matsa bangon dama in matsa na hagu. Na dama siriri ne, na hagu kuwa ya ninka shi kauri kusan sau uku. Ya ce, "Wanda aka aika maƙwabta da wanda aka aika bayan gari ba ƙafarsu ɗaya ba." Abin da na kwana uku ina haddacewa a littafi yana zubewa, a minti biyar ya zauna a kaina, kuma har yau bai tashi ba.

Amma abin da ba wanda ya taɓa mantawa shi ne darasin buta. Zai ɗauki zuciyar da ba a tsaga ba, ya cire rufin ɗakin sama na hagu, ya tsiyaya ruwa daga buta ya cika ɗakin ƙasa, sannan ya matsa a hankali. Sai ka ga fatu biyu farare sun taso sun haɗe baki, ruwan ya kasa dawowa sama. Daga nan ya zura almakashi ya datse biyu daga cikin siraran zaruruwan da ke riƙe da ƙofar, ya sake matsawa, sai ruwa ya yi tsartuwa baya ya fantsama a fuskar wanda ya fi kusa.

"Kun gani? Ƙofar hagu ta fara yoyo. Jini ya koma baya, ina zai taru?"

"A huhu, Baba."

"Sai mutum ya fara haki a matakala. Sai ya kasa kwanciya shimfiɗe, ya ƙara matashi, ya ƙara wani. In huhu ya cika, wa zai sha wahala?"

"Famfon dama."

"In na dama ya gaji, ina jinin zai tsaya?"

"A wuya, a hanta, a ƙafa."

"To kada in ji wata ta tsaya jiran na'ura. Ku kalli wuya, ku danna ƙwauri ku ga ko yatsa zai bar rami, ku tambaya matashi nawa ake kwana a kai. Tambaya ba ta da nauyi."

Kai ne, Baba, ka hana mu ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa sha biyar mu ninka sau huɗu. Ka ce zuciyar da ke tuntuɓe ba ta yin tuntuɓen a lokacin da ya dace da malalaci, sai a cika mata minti guda cur. Kai ne kake ɗaure damtsenka da tsumma har jijiyoyin hannunka su fito ruɗu-ruɗu, ka sa mu tura jinin baya da yatsa mu ga ya ƙi komawa, don mu yarda cewa jijiyoyin ma suna da ƙofofinsu. Aji bayan aji, hannunka ɗaya ne allonmu.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Wata abokiyar karatuna, ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ba likita, ta ba ni labarin wata mai jego da aka kawo mata ana cewa sanyi ne ya kama mata ƙirji. Kowa ya yarda, har an fara neman maganin tari. Ita kuwa ta ga jijiyar wuyan matar a cike tana harbawa alhali tana zaune, ta danna ƙwaurinta yatsa ya nutse, ta tambayi mijin yadda take kwana, ya ce a jingine da bango. Nan take ta sa aka nemi mota. Matar tana nan da ranta, 'yar da ta haifa ta shiga sakandare. Abokiyar tawa ta ce muryar Baba ta ji a kunnenta tana cewa matashi nawa. Irin wannan labarin in aka ce a tattara daga bakin ɗalibansa, sai an yi kwanaki ana ji. Shi bai san rabinsu ba, domin ba mu cika komawa mu gaya masa ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba daɗinsa nake ji ba.

Wajen shekara huɗu da suka wuce Baba ya daina sa takalminsa sau-ciki ya koma silifa. Daga baya ya yanke maɗaurin silifan ya ƙara masa tsawo da igiyar roba. Na gani. Ba zan yi ƙarya ba, na gani da idona. Kusan kullum nakan haɗu da shi a bakin ƙofar makaranta in na fito daga aiki, in rusuna in gaishe shi, idona a ƙasa kamar yadda ake yi wa babba. Kuma me ke ƙasa in ba ƙafarsa ba? Idon sawunsa ya ɓace, fatar ta yi sheƙi. In ce, "Baba, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Jiki alhamdu lillahi, 'yata." In ce madalla, in wuce.

Ya fara hutawa a tsakiyar bene da bokitin, yana yi kamar yana karanta takardun da aka manna a bango. Ya daina tuƙa keke ya koma tura shi. Malaman makarantar, waɗanda yawancinsu shi ya sa musu yatsa a zuciya, suna wuce shi a matakalar nan suna cewa sannu Baba. Ɗalibai ɗari da wani abu, aji bayan aji, suna zaune gabansa yana lissafa musu alamomin yana tsayawa jan numfashi tsakanin kalma da kalma, suna rubutawa a littafi.

Daga baya da muka zauna muna tuhumar juna, amsa ɗaya kowa ya bayar. Ai Baba ne. Wa zai gaya wa Baba Famfo cewa zuciyarsa ta gaza? Shi da ya koya mana? Ai ya riga mu sani, tabbas yana ganin likita, tabbas yana shan magani. Ni kaina na taɓa buɗe baki wata rana, sai na ji kamar rashin kunya ne in ce wa wanda ya girmi ubana ya ɗaga wandonsa in danna masa ƙwauri. Na haɗiye maganar na tambaye shi lafiyar iyali. Da baƙo ne ya shigo ɗakina da ƙafa irin wannan, wallahi ba zai yi minti goma ba a kwantar da shi ba.

Wanda ya yi abin da muka kasa, mahauci ne. Dogo ake ce masa, sa'an Baba ne, shi yake ciro masa zuciya tun suna da baƙin gashi, kuma ba su da aiki sai tsokanar juna. Bai taɓa zama a aji ba. Wata Alhamis Baba ya sunkuya zai ɗaga bokiti ya kasa, ya dafa bango yana haki. Dogo ya ajiye wuƙa.

"Kai malamin shanu, tun yaushe kake wannan numfashin kamar tsohon injin niƙa?"

"Tsufa ne, Dogo."

"Tsufan lafiya? Na girme ka da wata bakwai, ka ga ina yi? Dubi ƙafarka kamar an hura. Na sha buɗe saniya mai irin wannan kumburin, zuciyarta nake tararwa ta saki kamar tsohuwar jaka. Hau babur."

"Ɗalibai suna jira."

"Su jira. In ka faɗi a nan cewa za a yi ni na yanka ka."

Haka ya kawo shi asibitinmu, da rigar aikinsa mai jini, ya riƙo shi a hannu har gabana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ba ɗalibarsa ba ce? Ku me kuke gani in kun kalle shi?" Na kama hannun Baba na kai shi wurin likita.

Likitan zuciya ya ɗora masa na'urar hoto a ƙirji, ni ina riƙe da rigarsa. Ba sai an fassara min ba. Ƙofar hagu ce, jini yana tsartuwa baya duk bugu, daidai yadda ruwan buta yake yi. Ɗakin ƙasa ya buɗe ya yi faɗi, bangon nan mai kauri da ya sa mu matsa ya zama siriri, da ƙyar yake motsi. Baba ya juya kai yana kallon allon tare da mu, har ya ɗaga yatsa ya nuna wurin yoyon kafin likita ya nuna.

A waje likitan ya ce min, "Da shekara uku baya aka kawo shi, da na tura shi a gyara ƙofar ko a sauya ta, ya ci gaba da harkarsa. Yanzu naman zuciyar ya gaji. Ko an kai shi ba za su taɓa shi ba, ba zai tashi daga kan tebur ba. Magani za mu ba shi ya rage ruwan, ya sami sauƙin numfashi." Sannan ya ce, "Ba kowa kusa da shi ne da ya san aikin lafiya? A ina yake aiki?"

Na ce, "A makarantar jinya."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya koma ciki.

Matarsa, wadda duk muke kira Gwaggo, ita ma ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ranar da muka je gidansa mu shida, tsofaffin ɗalibansa, ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa. Ta ce shekara biyu ke nan a kujera yake kwana. Ta ce duk lokacin da ta ce ya je asibiti sai ya ce mata ai kullum cikin ma'aikatan asibiti yake wuni. "Ni kuma sai hankalina ya kwanta," in ji ta. "Na ce 'ya'yansa na makaranta ɗaruruwa suna ganinsa safe da yamma, in da wani abu ai za su faɗa. Ni da ban yi karatu ba me na sani?"

Na shiga wurinsa ni kaɗai. Yana zaune an tokare shi da matasai, ƙafafunsa a kan ƙaramar kujera. Na durƙusa, na kasa gaisuwar ma, kuka ya ƙwace min.

"Baba, ka sani?"

"Na sani mana. Na sa abin sauraren ƙirji na ji ta tun tana ƙaramar ƙara."

"To don me ba ka je ba?"

Ya daɗe yana jan numfashi. "Tsoro, 'yata. Na riƙe zuciya ta fi dubu a hannuna, na san yadda take komawa. Ban so a nuna min tawa." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma na riƙa cewa yau wani zai gani. Kullum in na hau benen nan sai in ce yau kam wata za ta tsayar da ni ta ce, Baba, zo mu je. Da an ce, da na bi. Ni da kaina ne ba zan iya kai kaina ba."

Ba da zargi ya faɗa ba, ya faɗa ne kamar yana bayanin darasi. Wannan maganar ita ce nake tashi da ita nake kwana da ita. Na yi shekara ashirin ina taƙama cewa idona ba ya kuskuren mai ciwon zuciya, ga shi wanda ya ba ni idon ya wuce ta gabana sau ɗaruruwa yana jiran in buɗe baki.

A watan jiya aka sallame shi daga aiki. An yi ɗan taro a ɗakin malamai, aka ba shi agogon bango da takardar yabo wadda aka yi kuskure wajen rubuta sunan mahaifinsa a kanta. Bai iya hawa benen ba, sai a ƙasa aka miƙa masa. Ɗakin gwajin yana rufe tun ranar. An ce za a kawo zuciyar roba mai buɗewa da maɓalli, ba wari, ba ƙuda. Ban ji wanda ya ce zai riƙa zuwa mayanka ba, ni ma ban ce ba. Dogo ya ce har yanzu in ya zo ciro zuciya hannunsa yakan bar wuyan da tsawo, sai ya tuna ba mai zuwa karɓa.

Na zaci shi ke nan, sai ga saƙo daga Gwaggo cewa Baba yana nemana. Da na je ya ce in kawo masa ɗaliban bana gida. Na ce, "Baba, hutawa likita ya ce ka yi." Ya ce, "Ina hutawa. Su ne za su yi aikin. Zuciyar saniya ba ta bugawa, ban taɓa iya nuna musu ƙarar yoyo ba sai dai in kwaikwaya da baki. Yanzu ga ta a ƙirjina, a fili, ko kurma zai ji. A bar ta ta tafi a banza?"

Na kai goma ranar Talatar da ta wuce. Ya buɗe rigarsa, ƙasusuwan haƙarƙarinsa duk a waje. Ɗaya bayan ɗaya suka durƙusa suka ɗora abin saurare ƙasa da nononsa na hagu, shi yana kama hannunsu yana gyara musu wurin. Ya sa suka kalli wuyansa. Ya sa kowacce ta danna ƙwaurinsa ta ƙirga daƙiƙa nawa ramin yake yi kafin ya cike. Wata ta tsaya tana jin nauyi, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya daka mata tsawa da ɗan numfashin da ya rage masa: "Haƙurin me? Danna! Kunyar nan ce ta kawo ni nan." Gwaggo tana bakin ƙofa, ta juya ta koma ciki.

Baba, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kai ne mai bokitin asuba, malamin da ba a rubuta sunansa ba. Duk mai jegon da ta tashi, duk tsohon da aka kama ciwonsa da wuri a hannun ɗaya daga cikinmu, kana da kaso a ciki. Mun karɓi komai daga hannunka, abu ɗaya da ka buƙata daga gare mu muka hana ka, kuma ba mugunta ce ta sa ba, ladabi ne. Wannan ya fi ci min rai, don ba ni da wanda zan ɗora wa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sassauta maka numfashi, Ya yafe mana.

Ku kuma da kuke karanta wannan, musamman abokan aikina, in za ku yi koyi da shi ku yi koyi da nacinsa na tambaya. Malaminku, mahaifiyarku, shugabanku a wurin aiki, wanda kuke ganin ya fi ku sani, shi ma jini ne da tsoka, shi ma yana jin tsoro. Ku tambaye shi yadda yake kwana. In ya ce lafiya lau, ku sake tambaya. In ya ce kun yi rashin kunya, ku karɓa, ba ta kashe kowa.

Da za mu tafi ranar, bayan ɗaliban sun fita, ya riƙe gefen mayafina ya tambaye ni su nawa suka rage. Na ce talatin da biyu. Na ce na tsara zan riƙa kawo goma-goma duk bayan mako biyu don kada ya gaji, zuwa ƙarshen wata mai zuwa an gama.

Ya sa yatsa biyu a wuyan hannunsa, yana ƙirgawa, har minti ya cika. Sannan ya ɗago.

"A'a, 'yata. Kawo su duka cikin makon nan."